An Sayi Ingarma Ba a Tambayi Harawa Ba

Babu Bakanon da zai sayi doki bai tambayi abin da dokin ya saba ci ba. Masu dawakin Hawan Daushe sun san mudu nawa na hatsi ingarma yake buƙata, sun san lokacin dusa da na kanwa, sun san harawar da ke sa masa jiki da wadda ke kumbura masa ciki. Haka ɗan Kantin Kwari yake rarrabe gezna da kwaikwayonta da shafa ɗaya, mai sayen goro kuma ba ya karɓar minu a kuɗin marsa. Kano birni ne da ya gina sunansa a kan sanin darajar kaya. Sai dai wannan ido mai kaifi yakan rufe idan an zo gaban mota. Mutum zai zuba miliyoyi, ya tambayi shekarar ƙira, ya duba takardar kwastan, ya sa a leƙa ƙasa ko ta taɓa yin haɗari, ya gwada sanyin esi, amma tambaya ɗaya ba ta zuwa bakinsa: wane irin fetur aka ƙera injin nan ya sha, kuma akwai shi a garin nan?

Ga manyan motocin da ake alfahari da su, amsar sau da yawa ita ce babu. Duk wanda ya zagaya gidajen man da ke kewaye da badala, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ɗan'agundi, daga Na'isa zuwa Kabuga, abu ɗaya zai tarar: fetur iri ɗaya ne, kuma babu wata lamba a jikin famfo da ke faɗar matsayinsa. Man da ake zuba wa Adaidaita Sahu da janareton mai shago shi ne ake zuba wa Corolla, shi ne kuma ake zuba wa Mercedes-AMG. Saboda haka a Kano ranar sayen mota ake zaɓen oktan, domin a gidan mai babu abin zaɓa. Wannan rashin zaɓi kuwa ragowar wani tsari ne da dalilinsa ya mutu tun 2023, kuma masu hali sun yi shiru a kansa don yawancinsu ba su san abin da suke asara ba.

Abin da lambar take aunawa

Injin fetur yana shaƙo iska da mai cikin silinda, fistin ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta bazu daga bakin fulogi har ta cinye abin da aka matse. Bazuwar nan tana da tsari, kamar yadda wuta ke bin busasshiyar ciyawa daga gefe zuwa gefe. Matsala tana faruwa ne idan zafi da matsi sun yi yawa, har ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba ya kama da kansa, ya fashe a lokaci guda. Fashewar nan takan daki bangon silinda da saman fistin, a ji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ita ce ƙwanƙwasar inji. Ba ita ce abin da makanikan Ƙofar Ruwa ke nufi ba idan suka ce inji ya buga. Wannan galibi rashin baƙin mai ne ke kawo shi. Amma ƙwanƙwasa idan ta daɗe, hanyar da take bi da inji ta nufi can ɗin.

Lambar oktan ma'auni ce ta juriyar fetur ga wannan kamawa da kai. Wani masanin sinadarai a Amurka, Graham Edgar, ya shimfiɗa ma'aunin a wajajen 1927 da sinadarai biyu: iso-oktan mai tsananin juriya aka ba shi 100, heptan mai saurin fashewa aka ba shi sifili. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda juriyarsa ta yi daidai da cakuɗen kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun, idan an gwada su a injin gwaji na musamman. Iyakar abin da lambar ke faɗa ke nan. Ba ta magana a kan tsabtar man, ba ta magana a kan yawan ƙarfin da ke cikin lita.

Dalilin da ya sa motoci masu ƙarfi suke neman lamba babba shi ne matsi. Gwargwadon yadda inji ya matse iska da mai, gwargwadon aikin da zai tatso daga kowane ɗigo. Injin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975 matsinsa bai kai ninki tara ba, shi ya sa ba ya tsangwamar abin da aka ba shi. Injinan yau suna haura ninki goma da sha ɗaya, da yawa kuma an ƙara musu turbo mai cusa ƙarin iska da ƙarfi. Kamfanin Mazda ya nuna yadda lamarin yake a fili: injinsa na Skyactiv-G ya fita kasuwar Turai da matsi ninki 14, amma aka rage shi zuwa 13 a kasuwar Amurka don ya dace da fetur ɗin da talakan can ke saya. Wato maƙeran suna yanka injin ne daidai da man ƙasar da za a kai shi. Motar da aka yanka wa man Jamus ko na Dubai, ranar da ta sauka Kano ba ta canja hali.

Tarkon 91

Ƙa'idar fetur a Nijeriya ta tsaida mafi ƙarancin oktan a kan 91. Mai motar da ta fito daga Amurka zai buɗe murfin tanki ya ga an rubuta 91, hankalinsa ya kwanta, ya ce ai an dace. Ba a dace ba, domin lambobin biyu da mudu dabam-dabam aka auna su.

Gwajin oktan iri biyu ne. Na farko, RON, ana yinsa da inji yana juyi 600 a minti cikin sauƙin yanayi. Na biyu, MON, ana yinsa da juyi 900, an kuma ɗumama cakuɗen man da iskar, saboda haka sakamakonsa yakan gaza na farko da maki takwas zuwa goma. Nijeriya da Turai da ƙasashen Larabawa da RON suke magana. Amurka da Kanada kuwa haɗa biyun suke yi su raba biyu, su rubuta abin da ya fito a jikin famfo. Sakamakon haka, 87 na Amurka shi ne kusan 91 na Nijeriya, 91 na Amurka kuma ya kai 95 ko 96 a mudun da ake amfani da shi a nan. Fetur ɗin Kano, idan ya cika ƙa'ida, daidai yake da mafi arahar fetur a famfon Amurka.

Sunan da hukuma ta ba shi ma yana taimaka wa ruɗanin. PMS ake ce masa a takardun gwamnati, harafin farko kuwa na kalmar Premium ne, kalmar da a Amurka ake liƙa wa fetur mafi tsada. Mai mota ya ga littafin motarsa ya ce a zuba Premium, ya ji jarida tana kiran man gidan mai da wannan suna, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Suna linzami ne, amma wannan linzamin ya ja mutane da yawa zuwa gurguwar fahimta.

Motocin Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, nasu ya fi faɗi. A can fetur na yau da kullum 95 ne, har Jamus ta daina sayar da mai lamba 91 a gidajen manta fiye da shekara goma da suka wuce. Saboda haka ko ƙaramar motar da aka ƙera wa kasuwar Turai a kan 95 aka daidaita ta. Na sama kuwa, irin su Porsche da BMW M da AMG, 98 maƙeransu suke so a ba su. Tsakanin abin da injin yake nema da abin da Kano take da shi akwai maki huɗu zuwa bakwai.

"Shekara nawa muna hawa, me ya faru?"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Motar ba ta tsaya a titi ba, ba ta yi hayaƙi ba, ƙwanƙwasar ma ba a ji ta. Dalili shi ne injin zamani yana da kunne. Akwai wata ƙaramar na'ura a jikinsa da ke sauraren girgizar ƙwanƙwasa tun kafin kunnen mutum ya ji. Da ta ji sai kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin fulogi, ta rage iskar turbo, wani lokaci ta ƙara zuba mai don ta sanyaya silinda. Injin ya tsira, amma da farashi: ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, zafin da ke fita ta salansa ya hau. Mai motar ya biya kuɗin ingarma, kwamfuta ta ɗaure masa ƙafa ɗaya don kada ya karye, shi kuma yana ta yabon gudunsa. Lafiyar da yake gani dabaibayi ne.

Dabaibayin kuma yana da iyaka, yanayin Kano kuwa yana tura inji zuwa iyakar nan. Zafin iskar da inji ke shaƙa yana ƙara masa buƙatar oktan, ga shi daga Maris zuwa Mayu zafin garin yakan kai digiri 40 a inuwa, balle a kan kwalta. Tudu yana sassauta wa injin da ba shi da turbo, shi ya sa a Johannesbag, mai tsayin kusan mita 1,750 daga teku, ake sayar da fetur mai lamba 93 kusa da mai 95. Kano ba ta kai mita 500 ba, sassaucinta kaɗan ne, injin turbo kuwa ba ya samun ko wannan, tunda shi ke cusa wa kansa iska.

Sai kuma tsarin birnin kansa. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ta kewaye unguwannin da aka tsara wa ƙafa da jaki da doki. Mota a Mandawari ko Jakara ko bakin Kurmi rarrafe take yi, esi a kunne, iska ba ta ratsa lagireto, komai na cikin bonet ya ɗau zafi. Da direba ya fito ta Ƙofar Nassarawa ya ga gada a buɗe, sai ya take totur har ƙasa. Babu lokacin da ya fi wannan haɗari ga injin turbo: yana da zafi, juyinsa ƙasa-ƙasa, an ɗora masa kaya gaba ɗaya. A irin wannan hali ne ƙwanƙwasa takan fi ƙarfin gyaran kwamfuta, ta karya ringi, ta zaizaye saman fistin, ta ƙone gaskit. Ranar da hakan ta faru, baƙin mai za a zarga, ko bakanike, ko sammu. Ba wanda zai tuna da lambar da ke jikin murfin tanki.

Abin ya fi muni idan na'urar sauraren nan ta lalace. Fitilar gargaɗi za ta kama, a kai gareji, a goge ta da kwamfuta ko a saba da ganinta. Motar da kunnenta ya toshe, kuma ake ba ta man da bai kai ba, ba ta da sauran mai tsaro.

Kuskure na biyu

Akwai kuma waɗanda suka ji labarin oktan rabi, suka ɗauka lamba babba ita ce mai mai kyau, kuma kowace mota za ta ƙara gudu da ita. Wannan ma ɓata ne. Injin da aka ƙera wa 91 ba ya samun komai daga 98, kamar yadda ƙaton takalmi ba ya ƙara wa yaro tsawo. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada haka, ta kuma ƙiyasta cewa direbobin ƙasar sun zubar da sama da dala biliyan 2 cikin shekara guda wajen sayen fetur mai tsada ga motocin da ba sa buƙatarsa. Mafi yawan Corolla da Camry da Accord da ke cike titunan Kano a kan 87 na Amurka aka daidaita su. Masu su ba su rasa komai ba ta fuskar oktan, in dai man ya cika ƙa'ida.

Misalai biyu sun isa su raba oktan da ƙarfi. Iskar gas ta CNG da ake juya wa ababen hawa zuwa gare ta a yanzu lambarta ta kai 120, ta fi ta kowane fetur da ke kasuwa, amma motar da aka juya takan ɗan rage ƙarfi. Man dizal kuwa ya fi fetur ƙarfi a kowace lita, alhali ta fuskar oktan yana can ƙasa.

Misalin da ya raba oktan da inganci kuwa 'yan Nijeriya sun ɗanɗana shi da kansu. A watan Fabrairu 2022 hukumar NMDPRA ta sanar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Daga tashar Antwaf ta Beljiyam aka yi lodinsa. Motoci sun lalace, aka janye man daga kasuwa, dogayen layuka suka dawo na makonni. Metanol kuwa lambar oktan ɗinsa ta haura 100. Illarsa ita ce yana cin roba da ƙarfe, yana kuma janyo ruwa. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi a tashar lodi da tashar sauke kaya bai ƙunshi auna yawan metanol ba. Haka dalma: tun da Thomas Midgley ya gano a 1921 cewa tana hana ƙwanƙwasa, duniya ta shafe shekara ɗari tana shaƙar gubarta, sai a 2021 Aljeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta daina. Ana iya ɗaga lamba da abin da zai kashe inji ko mutum. Saboda haka lambar kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa da sanin abin da aka ɗaga ta da shi.

Kwalbar da ake sa wa rai

A nan ne 'yan kwalaben ƙarin oktan suke samun kasuwa. Mai babbar mota ya ji cewa man gari bai kai ba, sai ya sayi kwalba ya juye a tanki, ya ji ya sauke nauyi. Lissafi kaɗan ya isa ya kwance wannan. Toluwin, ɗaya daga cikin sinadaran da matatu ke ɗaga oktan da su, lambarsa kusan 120 ce. Wanda yake so ya ɗaga tanki mai lita 70 daga 91 zuwa 95 da shi, sai kusan lita 10 na tankin sun zama toluwin. Kwalbar da ba ta kai rabin lita ba ina za ta kai? Da yawa daga cikinsu suna alkawarin ƙarin "maki" uku ko biyar, alhali maki a harshen masu wannan sana'a kashi ɗaya ne cikin goma na lamba guda: 91 ya koma 91.3.

Waɗanda suke aiki da gaske cikinsu galibi da ƙarfe suke yi, musamman manganis. Shi kuma yakan bar jan tsatsa a bakin fulogi, ya dasashe na'urar auna iska a salansa, ya toshe matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi. An gudu daga ƙwanƙwasa an faɗa wa wata cutar.

Fetur ɗin bumburutu kuwa, wanda babbar mota kan tsaya ta sha ranar da layi ya yi tsawo, shi ne caca mafi girma. Ya kwana a jarka, ya yini a rana, sassansa masu saurin tashi sun tafi, ba wanda ya san abin da aka ƙara masa a hanya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Inda laifin yake

Fetur iri ɗaya ba ƙaddarar Afirka ba ce. Ghana tana sayar da 91 da 95. Afirka ta Kudu tana da 93 da 95. Duk alhajin da ya lura a hanyar Makka zuwa Madina ya ga famfo biyu, 91 da 95, kowanne da launinsa. A Dubai, inda 'yan kasuwar Kano suke sayo motocin, uku ne: 91 da 95 da 98. A Amurka doka ta tilasta liƙa lambar a jikin kowane famfo tun ƙarshen shekarun 1970.

Abin da ya hana Nijeriya shi ne tsarin farashi. A da gwamnati ce take tsaida kuɗin lita, tana biyan tallafi, tun 1975 kuma tana da asusun PEF da ke biyan kuɗin dako don farashin Legas ya yi kusa da na Kano. A ƙarƙashin irin wannan tsari fetur iri biyu fitina ne, domin kowa zai karɓi tallafi a kan mai araha ya sayar da shi da sunan mai tsada. Ɗan kasuwa kuma ba shi da dalilin kawo abin da ya fi ƙa'ida, tunda ba za a biya shi ƙari ba. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, wadda a da take turo mai ta bututu zuwa defon Hotoro, ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata, sai Arewa ta koma jiran tankokin da ke keto kusan kilomita 1,000 daga bakin teku. Inda mai saye ba ya tambaya, mai sayarwa ba ya wahalar da kansa. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a Satumba 2016 ya nuna yadda 'yan kasuwar Turai suke haɗa wa Afirka ta Yamma wani mai na musamman, mai yawan salfa da ba za a yarda a sayar a ƙasashensu ba. Sai a Fabrairu 2020 ministocin ECOWAS suka amince a Wagadugu da rage salfa zuwa kashi 50 cikin miliyan, alhali Turai tana kan 10 tun 2009.

Duk wannan tarihi ne, kuma uzurin ya ƙare. A Agusta 2021 aka sa hannu a dokar man fetur ta PIA, wadda ta rushe PEF cikin sabuwar hukumar NMDPRA. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, daga baya ta ci gaba da hawa. A Satumba 2024 matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur. Mai ita kuwa tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne, ɗan gidan da tushensa ke cikin badalar nan. Yanzu ɗan Kano kuɗin kasuwa yake biya. Wanda ya biya kuɗin kasuwa kuwa yana da haƙƙin da kowane mai saye yake da shi a Kurmi da Dawanau: a faɗa masa abin da ke cikin mudu. Jami'an awo suna duba ko lita ta cika lita, amma abin da ke cikin litar an bar shi a duhu.

Abin da ya kamata a nema a fili yake. Hukumar NMDPRA da hukumar SON su wajabta rubuta lambar RON a jikin kowane famfo. A riƙa ɗibar samfuri a gidajen man Kano, ba a tashar jiragen ruwa kaɗai ba, a kuma wallafa sakamakon da sunan gidan man. A buɗe wa 'yan kasuwa hanyar sayar da 95 a farashinsa, ba tare da kobon gwamnati ba, da launi dabam don kada a yi algus.

Za a ce wannan kukan masu ƙoshi ne, a garin da mai Adaidaita yake lissafin lita kafin ya lissafa cefane. Famfo na biyu, gaskiya ne, mai hali ne zai fara amfana da shi, kuma shi zai biya. Amma lambar da ke jikin famfo da gwajin da ke bayanta talaka suka fi karewa. Babbar mota tana da kwamfutar da za ta ja da baya idan mai ya gaza. Keke mai ƙafa uku da babur da ƙaramin janareto ba su da wannan kunnen. Abin da aka zuba musu shi za su ƙona har su lalace, mai su kuma ba shi da na biyu. Lambar da aka rubuta alkawari ce da za a iya kama mutum da ita. Inda ba a rubuta komai ba, ba a yi wa kowa alkawarin komai ba. Bugu da ƙari, ƙananan injina masu turbo sun zama ruwan dare a Turai, kuma motocin da ake hawa a can yau su ne 'yan Kwatanon da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti za su saya nan da 'yan shekaru. Matsalar da ke gareji ɗaya cikin ɗari a yau tana kan hanyarta zuwa sauran.

Kafin a kai can

Har zuwa ranar da famfo zai yi magana, nauyin yana kan mai saye, kuma tun ran gini ran zane. Kafin a yi ciniki a buɗe murfin tanki, a buɗe littafin mota, a gano ƙasar da aka ƙera wa motar, a mayar da lambar zuwa mudun RON. A lura da lafazin maƙera, domin hukunci biyu suke bayarwa: wani injin fetur mai lamba babba wajibi ne gare shi, wani kuwa mustahabbi ne. Na biyun zai rayu a Kano da ɗan ragin ƙarfi. Na farkon amana ce da garin ba shi da abin riƙe ta.

Sau da yawa bambancin ba ya ma rage wa mutum girma. Lexus LX 570 da Toyota Land Cruiser na zamaninta da aka sayar a kasuwar Amurka injinsu ɗaya ne, V8 mai lita 5.7. An daidaita na Lexus a kan fetur mai tsada, na Land Cruiser a kan 87, bambancin ƙarfinsu a takarda kuwa doki biyu ne kacal, 383 da 381. Mai hankali ya san wadda ta dace da gidan man Gwammaja.

Wanda kuma ya riga ya saya, abin da ya rage masa lallaɓawa ne: ya tsaya ga gidan mai ɗaya da ya amince da shi, mai yawan ciniki, ya kula da lagireto da fulogi, kada ya yarda a kashe fitilar gargaɗi ba a gano dalilinta ba, kada ya take totur har ƙasa da tsakar rana bayan ya fito daga cunkoso. Ya kuma daina yaudarar kansa da kwalba. Mafi amfani daga duk wannan shi ne ya yi magana. Masu irin waɗannan motoci su ne lauyoyi da likitoci da 'yan majalisa da manyan 'yan kasuwa, wasunsu ma su ne masu gidajen man. Muryar da za ta sa a rubuta lamba a jikin famfo tana bakinsu, kuma ranar da aka rubuta ta, mai Adaidaitan da ke bayansu a layi shi ma zai san abin da ya saya.